Wace kalma za mu ba "collateral damage" da Hausa?

'Yan uwa masu fassara da 'yan jarida, ku zo mu tsayar da magana a kan kalmar nan ta sojoji. Da ita suke nufin rayuka da dukiyar fararen hula da suka salwanta garin kai wa abokan gaba hari. Ta yi ƙaurin suna a yaƙin Tekun Fasha na 1991, yaƙin da bama-baman Amurka suka hallaka mutum fiye da 400 a maɓoyar Amiriyya da ke Bagadaza.

Wasu na cewa "tsautsayi". Ban yarda ba. Da an ambaci tsautsayi an rufe bakin mai tambaya, sai a ce ai ba ya wuce ranarsa. Alhali jirgi ba ya tashi da kansa, akwai wanda ya ba da umarni.

"Harin kuskure" shi aka fi ji a rediyo, kuma ya dace da wasu wuraren. Haka sojojin Najeriya suka ce bayan jirginsu maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ranar 3 ga Disamba 2023, inda hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne mutum 85. Haka aka ce kan harin sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a jihar Borno, a Janairun 2017. Sai dai kalmar Turancin ta fi kuskure faɗi. Ƙarin da aka yi wa yarjejeniyar Geneva kan dokokin yaƙi a 1977 bai haramta hari don kawai an san farar hula zai mutu ba. Abin da ya haramta shi ne asarar ta zarce nasarar da ake sa ran samu. Wato wani na iya zama ya ƙiyasta mutum nawa za su mutu, sannan ya ce a harba. Mai yin haka da saninsa ya yi, idan muka ce kuskure mun wanke shi.

"Kan mai uwa da wabi" kuwa yana da nasa gurbin: harin da bai bambance soja da farar hula ba, wanda dokar ta haramta kai tsaye.

Saura "ɓarnar gefe", wadda ta fi kusa da asalin kalmar, kuma ita ta fi damuna. Gefen wa? Ranar 29 ga Agusta 2021 jirgin Amurka maras matuƙi ya harbi wata mota a Kabul, ya kashe mutum 10 'yan gida ɗaya, 7 daga cikinsu yara. Ga mai kallon allo daga nesa, su ne gefe. Amma motar a tsakar gidansu take. Duk wanda ya ce "gefe" ya tsaya inda mai harbin yake tsaye, ko bai sani ba.

Shawarata ita ce "kisan rutsawa", idan kuma gidaje ne da dabbobi, "ɓarnar rutsawa". Mun riga mun saba da "waɗanda harin ya rutsa da su", kowa ya san ba su aka nufa ba. Kalmar "kisa" kuma ta bar makashi da mamaci a cikin zancen, ba ta yanke hukuncin ganganci ba, ba ta kuma yafe ba. Idan kakakin soja ake fassarawa, a ce "abin da ya kira ɓarnar gefe", a bar masa kalmarsa.

Malamanmu na gidajen rediyon Maradi da Damagaram, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me kuke cewa?