Musayar waƙa: Jini a kan aswaki

Malamin Zaure: Assalamu alaikum. Wannan makon haƙori da dasashi za mu waƙe, ƙafiya kuma "ki" ce. Na buɗe.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ne ya ba mu abin taunawa,
Guda 32 ga babba, ba daɗawa,
Wanda ya fita ba ya komowa baki.

Manzo ya ce ba don tsanantawa
Ga al'umma ba, da ya yi umartawa
A kowace salla a riƙa gogewa,
Bukhari da Muslim sun kawo batun aswaki.

Baba Mai Goro:

Malam na karɓa, nawa na marke ne,
In babu, reshen darbejiya ne,
Damuwata abin da nake gani ne,
Jini jawur kullum a kan aswaki.

Wani ya ce goro ne ya jawo,
Wani ya ce bar guga wajen ciwo,
Wani ya ce toka da gawayi in kawo,
Wanne zan ɗauka, mutanen kirki?

'Yar Asibiti:

Baba sannu, goro rini yake yi,
Jinin dasashi ba shi ne ke yi,
Dattin gindin haƙori ne mai yi,
Ƙwayoyin cuta ne maƙale cikin baki.

In ka daina guga dattin zai taru,
Ya daskare kamar dutse, kumburi ya ƙaru,
Daga nan da aswaki ba ya gyaru,
Sai mun kankare shi da kayan aiki.

Toka tana zaizaye bayan haƙori,
Kurkure da ruwan ɗumi da gishiri,
Goga a hankali, ban da sauri,
Mako 2 in bai tsaya ba, zo mu duba baki.

Baba, in kana da ciwon suga ka faɗa wa likita tun farko, domin yana tsananta ciwon dasashi.

Ɗan Tasha:

Yaya, turmin ƙanena ya yi kogo,
Ruwan sanyi na sukarsa har ɓargo,
Ya kasa tauna ko dafaffen rogo,
Mai magani a kasuwa ya ce tsutsa ce ciki.

'Yar Asibiti:

Ƙanena, babu tsutsa ko ɗaya,
Sukarin shayi da alawa da nakiya
Ƙwayoyin nan ke ci, su zubo tsami baya,
Tsamin ke huda haƙori, asalinsa zaƙi.

Kanumfari na lafar da raɗaɗi,
Bai cike kogo, rami na ƙara faɗi,
Fetur da ruwan batir, ga gargaɗi,
Ƙona dasashi suke, su bar miki.

Kawo shi da wuri a cike masa,
In an makara sai dai a cire masa,
Man goge baki mai fuloraid za ka saya masa,
Minti 2 da safe, minti 2 kafin shiga ɗaki.

Na daren ya fi muhimmanci, don yawu na raguwa a barci. Ya tofar da kumfar kawai, kada ya bi da ruwa. Buroshi kuma a sauya shi duk wata 3.

Uwar Biyu: Daga Sakkwato nake. Ku bar ni in sako yara.

Haƙoran nono 20 ana raina su,
Wai za su zube, wa zai kula da su?
Zawo da zazzaɓi a ɗora a kansu,
A ce haƙori ne, yaro na ta ramewa a ɗaki.

Na ga 'yar maƙwabta bayan ƙyanda,
Ga rashin abinci, ba ta cin ko gwanda,
Dasashi ya kumbura, wari ya tsananta, har inda
Kunci ya yi baƙi, ya huje daga ciki.

'Yar Asibiti: Innalillahi. Hajiya, wannan ita ce cutar noma, mai zaizaye baki da fuska. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana. Garinku na da asibitinta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Hajiya, ki ɗaga leɓen yaro ki duba,
Jini ko wari, ko gyambon da bai warke ba,
Da kumburin kunci, ba abin jira ba,
Ranar a kai shi, ko da dare ne, ko ana biki.