Jami'ar Gadarif ko Jami'ar Jazira: in zauna gida ko in tafi Madani?

Auwalu, Gadarif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sakamakon shahada, jarrabawar gama sakandare ta nan Sudan, ya fito, alhamdu lillahi makina zai iya kai ni injiniyanci ko aikin gona. Mu ne 'yan ajin da ya kamata su rubuta a 2023, yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, ba mu samu zama jarrabawar ba sai ƙarshen Disambar 2024. Shekaru sun riga sun tafi, ba na son in ƙara zubar da wata.

Abin da ke raina shi ne aikin ban ruwa. Baba noman damina yake yi, dawa da riɗi, kuma tun ina yaro nake ganin yadda gidanmu ke shiga wani hali duk shekarar da ruwa ya yi gardama. Ina so in san yadda ake tare ruwa, a auna shi, a kai shi gona. Malamin lissafinmu ya ce wannan karatu Jami'ar Jazira ce gidansa, a Wad Madani.

Baba ya ce a'a. Ya ce ga Jami'ar Gadarif nan da kwalejin noma, in ci tuwon gida in je aji in dawo. Ni ne babba, idanunsa sun fara rauni, kuma riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, ka makara kaɗan ya tsage ya zube a ƙasa. Inna ba ta ce komai ba, amma na san abin da take tunawa, mutanen Madani da suka gudo wa yaƙi suka cika makarantun unguwarmu a Disambar 2023, wasu ko takalmi babu. Don Allah waɗanda suka bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan su ba ni shawara.

Sa'adatu, Kasala:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a sakamakon. Ni shawarata ka zauna. Na tafi Khartum karatun jinya kafin faɗuwar gwamnatin Bashir. Aka rufe jami'o'i lokacin zanga-zangar 2018 zuwa 2019, aka buɗe, korona ta zo a 2020 aka sake rufewa, ga juyin mulkin Oktoban 2021, sannan yaƙi. Duk rufewa kuɗin mota ne, kayan ɗaki ne da ka bari ba ka san ko za ka tarar da su ba, ga zullumin iyaye. Ƙawayena da suka yi karatu a garinsu su ma an rufe musu, amma a ɗakin uwarsu suka yi jiran.

Kuma ka yi lissafin ci. Ko ka samu gado a dakiliyya, wato ɗakin kwanan ɗalibai, wake da burodin safe da dare daga aljihun Baba za su fito, ga sabulu, ga kwafin takardu, ga magani in zazzaɓi ya kama ka. Manomi kuwa sau ɗaya kuɗi ke shigo masa a shekara. Kada ka raina karatun gida. Gadarif ita ce rumbun dawa da riɗin ƙasar nan, wanda ya karanta noma a nan gonar gwajinsa tana bayan gari.

Malam Isiyaku, Mai Wurno:

Ɗana Auwalu, na karanta maganarka sau biyu. 'Yata Sa'adatu ta faɗi gaskiya a kan wahala, ban musa mata ko ɗaya ba. Amma ni ina ganin ka tafi, kuma zan gaya maka dalili.

Na yi aikin tsaron ƙofar ruwa a magudanan Jazira, babban aikin noman ban ruwa da ke kewaye da Madani, har ƙarfina ya ƙare. Madatsar Sinnar da ke kusa da mu an gama ta a 1925, daga ita ruwan Nilu Shuɗi ke gangarawa da kansa, ba inji, ya shayar da fili kusan faddan miliyan 2 (faddan ya ɗan fi eka ɗaya) in ka haɗa da Manaƙil, ƙarin filin da aka yi wa aikin daga baya. Kowace damina ruwan yana sauko da laka daga tsaunukan Habasha, ta kwanta a magudana, ciyawa ta fito a kai. In ba a yashe ba, manomin da ke ƙarshen layi sai ya ga auduga tana bushewa alhali kogi a cike yake. Wannan abu ba a allo kaɗai ake gane shi ba. Sai ka tsaya a bakin ƙofa, ka ga injiniya yana auna tsayin ruwa, ka ji manoma suna rigima a kan wa za a buɗe wa yau. A Madani akwai hukumar binciken aikin gona, akwai cibiyar binciken ruwa ta ma'aikatar ban ruwa, hedikwatar aikin Jazira tana Barakat dab da gari. Jami'ar kanta tun 1975 aka kafa ta a tsakiyar wannan aiki. Malaman da za su koya maka su ne mutanen da ake kira in magudana ta samu matsala.

Kuma ilimin ba zai tsaya a Jazira ba, jiharku ma tana jiransa. Ga aikin ban ruwa na Rahad a Faw, ga madatsun Atbara ta Sama da Sitit da aka gama 'yan shekarun nan, ga madatsar Khashmul Girba a maƙwabciyarku Kasala tun 1964. Yanzu kuma Habasha ta gina babbar madatsarta a saman madatsarmu ta Rusairis, yadda ruwa ke zuwa mana ya canza, dole a samu yaran da za su zauna su yi lissafinsa. Bayan ɓarnar da yaƙi ya yi, gyaran magudanan nan kaɗai aikin shekaru ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Mutanenmu tun bayan yaƙin Burmi da Turawa a Najeriya a 1903 suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna a bakin kogin nan. Mun yi haƙa, mun yi shuka, mun tsinci auduga, guminmu yana cikin ƙasar Jazira. Amma duk tsawon aikina, injiniyoyin da na gani suna jin Hausa ba su da yawa. Mu ne masu buɗe ƙofa, wani ne ke cewa a buɗe. In Allah ya ba ɗanmu makin shiga, ni ba zan iya ce masa ya zauna ba.

Sai dai ban ce ka tafi ba da yardar mahaifinka ba. Kada ka yi jayayya da shi. Ka samu baffanka ko limamin unguwa, wanda yake jin nauyinsa, su zauna da shi. Ka je musu da amsar tambayar riɗi a hannunka, wa zai tsaya a kan masu yanka, wa zai kai buhuna kasuwar amfanin gona. Tsoho ba karatun yake ƙi ba, gonar yake tsoro.

Rabi'u, Faw:

Auwalu, gani ya kori ji. Madani ta koma hannun soja tun Janairun 2025 kuma motoci suna bin hanyar nan ta gabanmu kullum, tafiyar sa'o'i kaɗan ce. Kafin ka cike komai ka je da kanka. Ka shiga kwalejin, ka tambayi ɗaliban da ke ciki, ba ofis kaɗai ba: ana darasi a aji ko ta waya, ɗakunan gwaji suna aiki, dakiliyya tana da ruwa da wuta? Injiniyanci ba tare da kayan gwaji ba rabin karatu ne. Sannan takardar neman gurbi ai ba zaɓi ɗaya ake sa wa ba. Ka sa Jazira a sama, Gadarif a ƙasanta, ka bar wa Allah sauran. In ka samu Madani, Alhamis da yamma kana iya kamo hanya ka kwana gida, lokacin yankan riɗi ka yi Juma'a da Asabar a gona.

Auwalu, Gadarif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Sa'adatu, na zauna na rubuta lissafin ci da mota kamar yadda kika ce, ya fi yadda na zata nauyi, zan nuna wa Baba shi yadda yake ba ragi. Baba Malam, na karanta wa Inna maganarka, ta ce in gaishe ka. Baffana zai zo ranar Juma'a bayan masallaci, kuma ɗansa da ya bar makaranta ya ce zai iya tsayawa a kan masu yanka in aka ba shi kaso. Yaya Rabi'u, in Baba ya amince zan bi ta Faw mako mai zuwa in je in gani. Akwai wanda ya san unguwar da Hausawa suka fi yawa a Madani, inda zan iya sauka kwana ɗaya ko biyu?