Tumatir ɗina yana zubar da fure tun shigowar bazara, ku yaya kuka yi da naku lambun?

Uwar gida daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da buhu 14 a bayan ɗakin girki, tsofaffin buhunan shinkafa da na siminti, na cika su da ƙasa da takin awaki tun watan Nuwamba. Cikin hunturu kam sai godiyar Allah, na yi kusan wata biyu ban aiki yaro sayen latas ko tumatirin miya ba. Amma tun da Maris ya raba abin ya juya. Fure zai fito rawaya gwanin sha'awa, kwana biyu ya bushe ya faɗo. 'Yan ƙalilan da suka zama 'ya'ya kuma gindinsu ya yi baƙi. Ga famfo ya ɗauke, kullum jarka biyu nake saya wurin mai kura saboda lambun kaɗai. Jiya Abban yara ya ce mini, cikin lallashi dai, kuɗin ruwan nan ya fi kuɗin tumatirin da nake jira. Raina bai so ba, amma na rasa abin da zan musa. Don Allah duk wanda ya taɓa ratsa bazara da shuka a tsakar gida ya faɗa mini yadda ya yi.

Manomin rani daga Kura:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ba hannunki ba ne, lokaci ne. Tumatir ɗan sanyi ne. Mu nan wajen Kadawa da ruwan dam ɗin Tiga yake zuwa mana har bakin gona, ba mu da matsalar jarka, amma duk da haka da kaka muke dasawa mu ɗebe cikin sanyi, zafi na kankama kasuwa ta fara tashi. Idan rana ta haura digiri 35, dare ma bai yi sanyi ba, furen ba ya kamawa, ko taki nawa kika zuba. Kano kuwa a Afrilu har 40 tana wucewa. Baƙin gindin nan kuma yawanci rashin daidaiton ban ruwa ne: yau buhu ya bushe ƙamas, gobe a cika shi taf. Ki duba ganyen ma. In kin ga fararen tabo kamar an cinye cikin ganyen an bar fatarsa, tsutsar nan ce da muke kira Sharon, wadda ta cinye mana gonaki a 2016 har kwandon tumatir ya gagari mutane. Shawarata, maigidanki ya yi gaskiya. Ki tuge shi ki zuba kuɓewa da yakuwa.

Malamar makaranta daga Zariya:

Yaya, kada ki yi saurin jin an kayar da ke. Ni shekarata ta huɗu ke nan, kuma ban taɓa sayen jarka ɗaya don lambu ba. Ruwan da gida ya riga ya yi amfani da shi nake ba su. Na ajiye baho a inda muke alwala, mu bakwai ne a gidan, sau biyar a rana, ki lissafa abin da yake taruwa. Ruwan wankin shinkafa, na wankin gero da na ganye duk bokiti ɗaya suke shiga. Ɗana na tsakiya shi ne mai ban ruwa bayan sallar asuba, ƙanwarsa kuma da yamma idan rana ta yi sanyi. Da farko da ƙunƙuni suke yi, yanzu kowa ya san buhunsa, har gardama suke a kan na wa ya fi tsayi.

Kuskuren da na yi a shekarar farko shi nake so ki guje wa. Na riƙa juye ruwan wankin kaya, mai omo da bilic, ina ganin ai ruwa ruwa ne. Cikin sati biyu alayyahu ya ƙone daga bakin ganye, saman ƙasar ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Buhu ba gona ba ne, abin da kika zuba nan yake zama, babu inda zai gudu. Sai da na zubar da ƙasar buhu shida na sake sabuwa. Haka ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, shi ma ban ƙara kai shi wajen ba.

Mai haya daga Kaduna:

Ni tawa matsalar ba ta shukar ba ce. Na jera buhuna jikin katanga don su samu inuwa, ashe danshi yana ratsawa ɗakin maƙwabciyata, fenti ya fara ɓarewa ta ciki. Ba ta yi mini magana ba sai da ta kai wa mai gidan. Na ji zafin hakan ƙwarai, don da ta faɗa mini da a ranar zan janye. Na biya gyara, na ɗora buhunan kan bulo na matsar da su taku biyu daga bango. Har yau gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba, duk da ina aika mata alayyahu idan na yanka. Masu zaman haya ku duba wannan tun wuri.

Jika daga Maraɗi:

Na karanta wa Kakata tambayarki, ta ce in rubuta miki wannan. A gidanmu tulu take binnewa, irin na ƙasa wanda ba a shafa masa komai ba, har wuya, ta cika shi da ruwa ta rufe bakin da faifai. Sai ta shuka a kewayensa. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, saiwa tana bin danshin, rana ba ta shanye shi. Sai bayan kwana uku ko huɗu take ƙarawa. Ta ce a buhu ma za a iya da ƙaramar tukunya. Saman ƙasar kuma tana rufe shi da ɓawon gyaɗa, sai dai a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Ta kuma ce in tambaye ki, ina zogalenki? Namu guda uku ne a bakin wurin wanka, sun girme ni. Da sun kai ƙirji take sare kan, su yi rassa ta gefe, hannu ya riƙa kaiwa. Watan da komai ya bushe a garin nan, mu muna cin kwaɗo da ƙuli-ƙuli.

Matashi daga Katsina:

Hajiya, ni ban yarda a tuge duka ba. Bara na ɗaura tsohon gidan sauro a sama, na matsar da buhu huɗu ƙarƙashin darbejiya inda rana ba ta dukansu daga azahar. Ban samu da yawa ba, amma sun rayu har ruwan farko. Kuma gidan sauron ya raba ni da ƙadangaru da kajin Umma, waɗanda suka fi zafin rana yi mini ɓarna.

Manomin rani daga Kura:

Ƙanena, inuwa tana taimako, ban musa ba. Amma ka ce sun rayu, ba ka ce sun cika kwano ba. Mai sayen ruwa da kuɗinta ita nake dubawa. Tunda ka ambaci darbejiya: 'ya'yanta busassu, a daka a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma, suna rage ƙwari sosai a ɗan lambun gida. Takin kaji kuma kada a zuba shi ɗanye, sai ya daɗe ya ruɓe ya huce, in ba haka ba ƙona saiwa yake.

Uwar gida daga Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A gaida Kaka, a ce mata na karɓo reshen zogale biyu wurin surukata na kafa a bakin rariya. Tumatir na tuge goma, hannuna yana rawa wallahi, tun suna tsiro nake renonsu. Na bar huɗu mafi ƙarfi na kai su inuwar ɗaki. Sauran buhunan na zuba kuɓewa, yakuwa da alayyahu. Baho yana wurin alwala tun shekaranjiya, kuma yau da asuba na tarar Abban yara da kansa ya ɗauka yana juyewa a buhun kuɓewa. Malama, ruwan wankin nama fa, shi ma ana zubawa ko yana kiran ƙuda?