Abin da aka tsayar kan dokokin kare muhalli da harkar kasuwanci

A zaman da masu fitar da kaya, ma'aikatan banki da masu zuba jari suka yi, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada ɗan kasuwa ya ɗauka dokar da aka yi a wata ƙasa ba ta shafe shi ba.

An fi daɗewa a kan dokar Tarayyar Turai ta hana sare dazuka, wadda ta shafi koko, kofi, roba, manja, waken soya, shanu da katako. Mai saye a can zai nemi hujjar cewa kayan ba daga filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020 suka fito ba, har da ainihin wurin gonar a taswira. Don haka aka ce a fara tattara bayanai tun daga hannun manomi. A ganina nan ne ƙananan 'yan kasuwa za su fi jin jiki, shi ya sa na gamsu da masu cewa su haɗu cikin ƙungiya su raba kuɗin aikin.

Masu kai siminti, ƙarfe, alminiyom da taki zuwa Turai kuwa, tun Oktoba 2023 ake neman lissafin hayaƙin da masana'antunsu ke fitarwa.

Ga mai zuba jari, an ce kada kirarin "muna kare muhalli" ya ruɗe shi. Ya nemi alƙaluma bisa ma'aunin IFRS S2, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yadda kamfani zai bayar da rahoto kan abin da ya shafi sauyin yanayi, da aka fitar a Yuni 2023, ya kuma tambayi wanda ya tantance su.