Neman shawara kan ɗaukar kakata hoto a ɗaki mai duhu

Assalamu alaikum, masu sana'ar hoto. A Tahoua nake, kuma tun bara nake ɗaukar kakata hoto da waya, domin in adana yadda tsufa ke sauya ta kafin Allah ya karɓi abinsa: jijiyoyin hannunta idan tana jan carbi, da tsagar fuskarta da tamoji ya fara haɗiyewa. Matsalata haske ce. A tsakar gida rana tana ƙona hoton, ɗakinta kuwa duhu gare shi, filashi kuma yana shafe layukan fatar gaba ɗaya, ga shi yana damun idanunta. Sanyin hunturu ya hana ta fitowa da sassafe. Don Allah, yaya zan sami haske mai laushi cikin ɗakin ba tare da na wahalar da ita ba?