Tambaya kan kalmar Turanci "graduated": ta kammala karatu ce ko ta matakai?

Abu Safwan, Unguwar Rogo, Jos:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga malaman Turanci ne da ke wannan zaure, da ma duk wanda ya saba da rubuta takardun ofis. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta sakandare, kuma an ɗora mini alhakin shirya jerin sunayen 'ya'yan ƙungiya da suka kammala karatu a bana, domin a miƙa wa wasu masu hannu da shuni da suka yi alkawarin taimaka musu wajen neman aiki. Kanun da na yi niyyar sawa shi ne "List of Graduated Students", amma shugabanmu ya ce kunnensa bai karɓa ba, ko da yake bai faɗi dalili ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, a takardar bayanin haraji da aka raba mana a wurin aiki na ga an rubuta "graduated rates", alhali babu maganar makaranta a ciki ko kusa. Shin kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu? Kuma wane kanu ya dace? Takarda ce da za ta shiga hannun manya, ba na so a fara ganin aibinta tun daga layin farko.

Baban Hauwa, Bukuru:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safwan. Kunnen shugabanku bai yaudare shi ba. Kalma ɗaya ce, asalinta kuwa "gradus" na harshen Latin, wato mataki. Wanda ya gama jami'a ya taka wani mataki na ilimi, harajin da ke hawa gwargwadon samun mutum shi ma mataki-mataki yake tafiya, kuma daga wannan tushe ne aka samu "grade level" na aikin gwamnati, inda mai digiri na farko yake farawa daga mataki na 8.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da kalmar ta zauna a cikin jimla. Idan aikatau ce, maganar makaranta ake yi, kamar a ce "She graduated from the University of Jos", kuma a rubutun ofis kada a yar da "from" ɗin. Idan kuwa ta zo ita kaɗai a gaban suna a matsayin sifa, hankalin mai jin Turanci yakan fara tafiya ne ga abin da aka tsara hawa-hawa ko aka yi wa zane-zanen awo. Shi mutumin da ya gama karatu yana da sunansa na kansa, wato "graduate", saboda haka abin da za ka rubuta shi ne "List of Graduates", ka ƙara shekara a gaba. Ina kuma jan kunnenka kada ka cire harafin ƙarshe ka bar "Graduate Students" da zaton ka gyara, domin a Amurka wannan na nufin masu karatun digiri na biyu ko na digirgir, waɗanda mu a nan, bisa tsarin Ingila, muke kira "postgraduate". Da ka aika da shi haka, mai karantawa zai ɗauka yaran suna makaranta har yanzu, ba aiki suke nema ba. Akwai kuma "graduands" da ake bugawa a littafin bikin yaye ɗalibai, wato waɗanda suka gama amma ba a kai ga ba su shaidar ba.

Maman Ilham, Tudun Wada, Jos:

Allah ya ƙara ilimi, Baba. Na yarda da shawararku game da kanun, sai dai ina ganin bai kamata Malam ya tashi daga nan da tunanin cewa haramun ne a siffanta mutum da wannan kalma ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a rubuce-rubucen aikinmu ana yawan cewa "newly graduated nurses" ko "recently graduated doctors", babu mai ganin kuskure a ciki. Kalmar da aka sa a gabanta ce take karkato da ita zuwa ga makaranta. Ma'anar awo kuwa kullum tana hannunmu: ɗan kofin roba da ke zuwa da maganin tari na yara, mai zane a kan mililita 5 da 10, da sirinji, da doguwar kwalbar awo ta ɗakin gwaje-gwaje, dukkansu da wannan sifa ake kiransu saboda layukan da ke jikinsu.

Abu Maryam, Kubwa, Abuja:

Ni akanta ne, zan tsaya a kan ɓangaren haraji, domin rashin fahimtar wannan kalma yana jefa ma'aikata cikin fargabar da ba ta da tushe. Abin da ake nufi shi ne, ana yanka samun mutum na shekara gida-gida, kowane gida da kasonsa. A ƙarƙashin gyaran dokar harajin samun mutum na 2011, wanda aka yi aiki da shi har ƙarshen 2025, naira 300,000 na farko ana cire kashi 7 cikin 100, na biyu kashi 11, haka ake hawa har zuwa kashi 24 a kan abin da ya haura naira miliyan 3.2. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko gaba ɗaya, sannan naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, mafi girma kuma kashi 25 ne a kan abin da ya wuce naira miliyan 50.

A ɗauki ma'aikacin da, bayan an fitar da kuɗin fansho da sauran abubuwan da doka ta yafe, ya rage da naira miliyan 2 a shekara. Ba a taɓa 800,000 na farko, sai a cire kashi 15 daga miliyan 1.2 da ya saura, wato naira 180,000. Na sha jin ma'aikata suna cewa ƙarin girma zai jawo a ɗora wa albashinsu duka kaso mafi tsada, har wani ya ji kamar gara a bar shi inda yake. Ba haka ba ne ko kaɗan; abin da ya tsallaka zuwa gida na gaba shi kaɗai ne ake cirewa da sabon kaso. Kishiyar wannan tsari ita ce "flat rate", kamar harajin VAT na kashi 7.5 da mai kuɗi da talaka suke biya daidai wa daida a kan kaya iri ɗaya.

Abu Safwan, Unguwar Rogo, Jos:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Saura abu ɗaya, Baba. A cikin jerin akwai masu babbar difloma ta HND daga kwalejin fasaha ta Barkin Ladi, akwai kuma wasu ƙannenmu da sakandare kawai suka gama. Duka zan haɗa su a ƙarƙashin kanu ɗaya?

Baban Hauwa, Bukuru:

Gyaran Maman Ilham daidai ne, na karɓa. Game da tambayarka, masu HND ka bar su tare da masu digiri, domin tare suke zuwa hidimar ƙasa, kuma masu ɗaukar aiki a Najeriya sun saba ganinsu a wannan rukuni; ka dai rubuta shaidar kowa da fannin da ya karanta a gaban sunansa. Waɗanda suka gama sakandare kuwa ka ware musu shafi dabam mai kanun "School Leavers". A Amurka ne ake kiran wanda ya gama sakandare "high school graduate", amma a nan, duk alhajin da ya ga kalmar zai sa ran ganin takardar digiri da ta hidimar ƙasa, kuma idan ya kira yaro ya tarar da sakamakon WAEC ko NECO kawai a hannunsa, zai iya zargin ƙungiyarku da ƙarin gishiri, abin ya shafi har waɗanda suka cancanta.