Ku taimaka min da tambayar fiziks ɗin nan

Ɗan Wunti: Salam 'yan uwa, ina bitar fiziks saboda JAMB, wata tambaya ta tsaya min a wuya. Mangwaro ya faɗo daga reshe mai tsayin mita 5, sakan nawa kafin ya taɓa ƙasa? Ni 0.7 nake ta samu, littafi kuma ya ce 1.

'Yar Yelwa: Ƙanina ai rabin nan ka manta, h = ½gt² ne (h tsayi, t lokaci, g kuma yadda gudun abu ke ƙaruwa in yana faɗowa), in ka ɗauki g a 10 sai ya zama 5 = 5t², ka ga sakan 1 ke nan cif.

Ɗan Wunti: Kash, wallahi shi ne! Na gode Yaya.

Malamin Jahun: To gwada mita 20, ya kamata ka samu 2. Kuma ko kankana ce ta faɗo lokacin bai canzawa, tunda ba a lissafa iska ba.